Kawu da Takardar Gasar Makarantu

Ranar sadakar uku ta Kawu, tabarmin gidanmu da na maƙwabta duk suka ƙare, sai da aka aro na masallaci. Mun san za a zo, domin dattijo ne da ya haura saba'in, kuma ba a taɓa jin ya hana kowa aron fartanya ba. Abin da ba mu zata ba shi ne irin mutanen da suka zo.

Da hantsi wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida cike da maza da mata daga wajen Zurgu, babu fuskar da na sani a cikinsu sai ta wata malamar makaranta. Tana cewa "ya ƙarin haƙuri" muryarta ta karye, ta ja gyale ta rufe fuska. Wani tsoho ya zo a kan keke tun daga Yalwa, ya zauna a bakin tabarma, da aka shafa addu'a ya ce, "Ni fa sai jiya na san sunansa na yanka. Mu can Mai Bayani muke ce masa." Matan ruga kuwa su tara suka shigo a jere da ƙwaryar nono a ka, suka sauke a gaban Inna, matar Kawu, suka zauna kusa da ita har la'asar.

Mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa da ke bi masa, ta aika aka kira ni cikin gida. Idanunta sun kumbura, amma mamaki ya fi kuka yawa a fuskarta.

"Kai, waɗannan duk su wane ne? Yaya ba sarauta gare shi ba, ba fatauci ya yi ba. Ina ya samo su?"

Na ce, "Umma, mutanen taro ne."

Ta ce, "Wane taro?"

Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don ita, da kuma jikokinsa da za su taso ba su san shi ba.

Kawu manomi ne a ƙauyenmu da ke yankin Durba. Dawa da gero da gyaɗa, sai ɗan barkono a bayan gida. Karatun allo ya yi, ajaminsa kuwa kamar an zana. Boko sai da ya wuce hamsin ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya iya haɗa baƙin Hausa a hankali, ya san lambobi. Turanci ko zo in kashe ka bai sani ba. An naɗa shi shugaban kwamitin makarantar firamarenmu ne kawai saboda shi kaɗai ne ba ya fashin taro. Ni kuma ina koyarwa a makarantar, tun daga ranar da na fara aiki ya daina kiran sunana, sai "Malam".

Yana da wata ɗabi'a da ke gajiyar da mutane. Ba ya cewa "to" sai ya gane. In ka gaya masa magana sai ya ce, "Tsaya in mayar maka da ita, ka ji ko ta iso lafiya." Sai ya maimaita maka ita tiryan-tiryan. Inna takan ce ko gishiri ta ce ya ƙare sai ya tambaya na miya ko na dabbobi.

Shekara biyar ke nan da aka aiko wa hedimastanmu takardar gayyata zuwa wani taron bayani a Rano. Wata ƙungiya ce za ta ba da lambar yabo, da kujeru da littattafai, ga makarantar da ta fi haɗa kai da mutanen garinta. An ce a zo da malami ɗaya da shugaban kwamiti, a ji yadda ake nema. Na goya Kawu a babur muka tafi.

Zauren ya cika da hedimastoci masu manyan riguna. Ni na nufi kujerun baya, shi ya wuce har layin gaba, ya cire takalmansa ya tura ƙarƙashin kujera, ya fito da ɗan littafinsa da fensir ɗin da yake feƙewa da reza. Wata matashiyar malama ce ke bayani, tana haska rubutu a bango da majigi, rabin maganarta Hausa rabi Turanci. Ta yi kusan awa ɗaya, ta gama, ta ce, "Akwai mai tambaya?"

Shiru. Kowa ya fara gyara hula, ana ta jin ƙamshin shinkafar da aka ajiye a waje. Sai ga hannun Kawu a sama. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya miƙe ya ce, "'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Na ji muryarki amma ban ji maganarki ba. Ki sake faɗa mini da Hausar da ake cinikin dawa da ita. Mene ne wannan haɗin gwiwar? In mun kai wa malamai dami a lokacin kaka, shi ne? Ko sai an yi gini?"

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta kashe majigin, ta matso, ta fara bayani daga farko. Ya tambaye ta mece ce shaidar da suke so, hoto ne ko bakin mutane. Ya tambaye ta in shugaban kwamiti bai iya sa hannu ba ko dangwale ya isa. Ya tambaye ta ranar rufewa, ya ce ta gaya masa da ranar kasuwa, ba da lambar wata ba. Duk wadda ta amsa sai ya mayar mata da ita, sannan ya rubuta da ajami. Ina waigawa na ga masu dariyar nan sun fito da biro suna rubutu a ɓoye. Ashe duk zauren ba wanda ya gane, kunya ce ta rufe wa kowa baki.

Tambayarsa ta ƙarshe ita ce ta canza masa sauran rayuwarsa. Ya duba zauren ya ce, "Na ga duk waɗanda ke nan 'yan bakin titi ne. Makarantun da ke cikin lungu fa, wa zai gaya musu?"

Malamar ta ce sun aika takarda iya inda suka iya kaiwa.

Ya ce, "To ki ba ni ragowar fom ɗin nan."

Ta ba shi duk abin da ya rage a kwalinta.

Daga wannan mako Kawu ya zama taron bayani mai tafiya da ƙafa. Ran Asabar da Lahadi ni ke goya shi, sauran kwanaki ya hau tsohon kekensa. Yana bin masallatan Juma'a da ranakun kasuwa, ya nemi hedimasta da liman da mai unguwa, ya ce a kira masa mata ma su tsaya ko daga bayan danga ne. Sai ya buɗe littafinsa ya zuba bayanin malamar nan kaf, bai rage ba bai ƙara ba, har inda ta ce "ban sani ba sai na tambaya" shi ma haka yake faɗa.

Ba zan manta da wata ƙaramar makaranta a wajen Zurgu ba, ta malamar nan da ta yi kuka a wurin ta'aziyya. Aji uku ne, ɗaya ma a gindin tsamiya. Da Kawu ya gama bayani ta ce, "Baba, mun gode, amma mu ba mu da abin nunawa. Ko bulo ɗaya ba mu taɓa ɗorawa ba."

Ya ce, "Da muna zuwa mun ƙetare wani rafi. Da damina yaya yaran tsallake suke yi?"

Ta ce ai iyaye ne suka raba kwana. Kullum da safe mutum biyu za su tsaya cikin ruwan su riƙa miƙa ƙananan yara, da azahar wasu biyu su dawo da su. Shekara da shekaru haka ake yi.

Kawu ya riƙe baki. Ya ce, "'Yata, kina zaune a kan rumbu kina kukan yunwa. Wannan ai shi ne abin da suke nema. Rubuta."

A gida kuwa magana ta fara tashi. Aka ce gasa ce, kyauta ɗaya ce, ga shugaban kwamitinmu yana yawo yana koya wa abokan takara yadda za su kayar da mu. Wani dattijo ya tare shi bayan sallar Magariba ya ce, "Wanda ya ga inda kifi yake ba ya shela." Kawu ya ce, "Ba kifi na gani ba, sanarwa na ji. Wanda ya ji sanarwa ya ɓoye, ya ci amanar mai shela."

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa mahaifiyata ba.

Ni da hedimasta muka cika fom ɗin makarantarmu. Muna ganin abin da muke da shi bai kai ba, sai muka rubuta cewa mutanen gari sun gina ajujuwa biyu. Gaskiyar magana, ajujuwan tsofaffi ne, mu dai rufin guda ɗaya muka mayar bayan iska ta yaye shi. Saura sa hannun shugaban kwamiti. Na same shi a zaurensa yana ɓarar gyaɗar iri. Ya ce in karanta masa, in fassara. Na bi layi-layi, da na zo wurin sai na tsallake.

Ya ɗora yatsa a kan takardar. "Wannan biyun na mene ne? Ban ji ka ambaci biyu ba."

Na yi 'yan kame-kame, daga ƙarshe na faɗa masa.

Ya ce, "Aji ɗaya muka rufe. Ni na miƙa kwanon rufin da hannuna."

"Kawu, kowa haka yake yi. In ba a ɗan ƙara gishiri ba, ba wanda zai dube mu."

"Ka ga kowan? Ni ban gan shi ba. In na sa hannu a kan biyu, ranar da za a tambaye ni a inda ba a tsallake layi, wane ajin zan nuna?"

Raina ya ɓaci. Ga gajiyar yawon da nake yi da shi, ga surutun gari, ga hedimasta yana jirana. Sai na ji bakina ya ce, "Kai da ba ka iya karanta takardar ba, kai za ka koya mana yadda ake cika ta?"

Hannunsa ya tsaya a cikin gyaɗar. Sannan ya ce a hankali, "Gaskiya ka faɗa, ɗan ƙanwata, ban iya ba. Shi ya sa na amince maka ka karanta mini."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na kwashi takardar na fita. Washegari muka sake cika wata da abin da ke akwai, ya sa hannu, ban iya haɗa ido da shi ba.

Alƙalan gasar suka zagaya, suka duba, suka yi tambayoyi. Da sakamako ya fito, makarantar rafin nan ta wajen Zurgu ce ta ci. Mu ko ambatonmu ba a yi ba. A taron kwamiti na gaba aka sauke Kawu daga shugabanci, a gabansa, da kalamai marasa daɗi, ni kuma ina zaune ban ce komai ba. Na zaci zai tashi ya tafi. Sai ya ce "Alhamdulillahi", ya matsa daga kan kujera ya koma kan tabarma cikin sauran iyaye. Sabon shugaba bai gama jawabinsa na farko ba sai ga hannun Kawu a sama, yana tambayar yaushe za a gyara ƙofar banɗakin 'yan mata. Ranar bikin ba da kyautar kuma shi kaɗai ya je daga garinmu, a kan kekensa, da sabuwar riga.

Wata biyu ina kauce masa. In na hango shi ta gabas sai in bi ta yamma. Mutane sun ɗauka fushi nake, alhali kunya ce. Wata rana ana hutun tara sai ga shi a bakin ajina da wani fom da ba a cika ba, duk ya yi laushi don ninkewa.

"Malam, karanta mini tambaya ta bakwai. Na manta yadda take."

Na ce, "Kawu, maganar da na faɗa maka rannan..."

Ya ce, "Wace? Ba ta iso ba, a hanya ta faɗi. Karanta mini ta bakwai."

Na karanta masa. Tambayar tana cewa, shin akwai yara a yankinku da ba sa zuwa makaranta, kuma me kuka yi a kai? A wancan karon "babu" muka rubuta.

Ya ce, "Ka ga wannan ma ƙarya muka yi, ni ma ban lura ba. 'Ya'yan ruga fa? Ko su ba yara ba ne?"

Rugar tana bayan gonarsa, an fi shekara ashirin ana zaune tare, har sun fara noma. Sai dai tsakaninsa da Arɗon wurin ba a ga maciji. Shanun gidan Arɗo sun taɓa shiga gonarsa suka cinye masa dawa ana gab da girbi, aka kai gaban dagaci, tun daga nan ko gaisawa ba sa yi. Na tuna masa da haka. Ya ce, "Shanu ne suka ci dawa, ba yaran ba. Tayar da babur."

Arɗo ya karɓe mu a gindin wata ɗorawa, fuska ba yabo ba fallasa. Kawu ya yi masa bayanin gasar daga farko har ƙarshe kamar yadda ya saba. Arɗo ya saurara, sannan ya ce, "Wato kyauta kuke nema, shi ne kuka tuna da mu."

Na ɗauka Kawu zai musa. Sai ya ce, "Ba zan ɓoye maka ba, kyautar ce ta sa takardar ta shigo hannuna. Amma takardar ta yi mini tambayar da na kasa amsawa. Shekara ashirin ina wucewa ta gaban yaranka ban taɓa tambayar kaina ba. Me ya hana su zuwa?"

Arɗo ya dubi ƙasa. Can ya ce abu biyu ne. Da safe sai an gama tatsa yaran suke samun kansu, in sun isa a makare bulala ce. Na biyu, hanyar makaranta ta cikin gonaki ta bi, duk ɗan Fulanin da aka gani a gona korarsa ake yi kamar ɓarawo.

Kawu ya ce, "Tsaya in mayar maka da ita." Ya mayar. Sannan ya ce, "Ta bulala, ga malami nan, shi zai kai wa hedimasta, kuma zan bi sawu. Ta hanya kuwa tawa ce."

Da damina ta zo, ya bar kunya uku a gefen gonarsa bai shuka ba, tun daga bakin ruga har bayan makaranta, ya dasa aduwa a gefe don kowa ya san hanya ce. Mai gona ya san abin da kunya uku take nufi a tsawon gona guda. Inna ta yi faɗa, 'ya'yansa suka yi, ya ce ƙasar ba da ita aka haife shi ba. A makon farko yara huɗu suka zo. Uwargidan Arɗo ta tako har ƙofar gidansa ta ce masa "mi yetti", godiyarsu ke nan, ta juya. A bana a ajina kaɗai akwai 'yan ruga bakwai, kuma wadda ke zuwa ta ɗaya a lissafi daga cikinsu take.

Kowace shekara in lokacin gasar ya zagayo, Kawu yana layin gaba a taron bayani, yana karɓo ragowar fom, yana bin ƙauyuka. Ƙafarsa ta fara ciwo ya bar keke, ya koma jiran babur ɗina. Mun nema sau huɗu, ba mu taɓa zuwa na ɗaya ba har ya bar duniya. Makarantu uku da ya koya wa cika takarda sun ci. In aka yi masa gorin haka sai ya ce, "Yaran can ma a kan kujera suke son zama."

Bana jiki ya ƙi. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi gajere, ko masallaci sai an riƙe shi. Malamar nan ta taron farko, wadda yanzu ita ke shugabantar aikin, ta ji labari. Ta aiko cewa taron bayanin yankinmu na bana a harabar makarantarmu za a yi shi, ba a Rano ba. Ba ta faɗi dalili ba, kowa ya sani.

Muka ɗauko shi a kujera mu huɗu, muka ajiye a inuwar darbejiya, a layin gaba. An zo daga ko'ina, har da iyaye mata da yawa, da Arɗo da mutanensa. Malamar ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi bayaninta da Hausa tsantsa, ba majigi. Da ta gama ta ce, "Akwai mai tambaya?" Ita da mu duka muka juya muka dube shi.

Bai ɗaga hannu ba. Idonsa a lumshe, hannayensa a kan gwiwa. Na ji tsoro ya kama ni, na matsa kusa in duba ko lafiya.

Sai wata murya daga baya, ta wata mata daga ruga da goyo a bayanta: "Malama, in iyaye mata ne suka yi aikin, sunan wa za a rubuta, namu ko na mazanmu?" Ba a gama amsa mata ba wani tsoho ya miƙe ya ce a sake faɗa masa ranar rufewa. Wani hedimasta mai babbar riga ya ce shi fa bai gane shafi na uku ba, a yi masa a hankali. Hannuwa suka yi ta tashi, har aka kira azahar ba a gama ba, aka yi salla aka dawo aka ci gaba.

Da muka ɗauke shi za mu mayar gida, na sunkuya na ce, "Kawu, yau ba ka yi tambaya ba. Jikin ne?"

Ya buɗe ido, na ga ruwa kwance a cikinsu, amma murmushi yake.

Ya ce, "Guda goma sha ɗaya na zo da su, Malam. Ina ƙirgawa. Duk sun riga ni."

Kwana tara bayan nan ya cika, ran Talata da hantsi, kansa a kan cinyar Inna, kalmar shahada a bakinsa.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo gare Ka. Ya sauƙaƙa wa bayinKa abin da ya shige musu duhu, Ka sauƙaƙa masa tasa tambayar, Ka sanya amsa a bakinsa, Ka yalwata masa makwanci. Mu kuma da muka rage, Ka yafe mana abin da muka faɗa masa.